Daga Benly zuwa Boxer: Yadda Gyaran Babur Ya Sauya a Kudancin Kano

Mu da muke gyaran babur a yankin Ƙofa da Kwanar Ɗangora, iyayen gidanmu a sana'a daga faci da gyaran keke suka faro. Babur ya yawaita a hannun jama'a ne bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, a daidai shekarun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga. Malaman makaranta da malaman gona suka shiga sayen Honda Benly da Yamaha da Suzuki da Vespa. A lokacin kayan gyara ba a kusa suke ba, sai an je Sabon Gari a Kano. Dole ta sa maigida ya iya yanka gasket da kwali, ya goge kwantak da ƙaramin magagari, ya gane ciwon inji da kunne tun bai kwance noti ba.

A 1975 kamfanin Honda ya fito da CG125, wanda aka ƙera musamman domin ƙasashe irin namu, inda ƙura ta yi yawa kuma ba kowa ke juyen baƙin mai a kan kari ba. Babu sarƙar tayimin a cikinsa, sanduna ne ke tura bawul, shi ya sa yake jure wahalar hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa da buhun hatsi a baya.

Daga 1986, da tsarin tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, sabon babur ya fi ƙarfin talaka. Nan ne sana'armu ta kai ƙololuwa, domin ba a yar da komai: a rebora bulo, a sa fistin na gaba da shi, a sake naɗa kwayil. Daga baya Jincheng na China ya shigo da araha, sai Boxer ta Indiya. Da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, babura da yawa suka dawo karkara. Aiki ya ƙaru, amma salonsa ya canza. Yaro yanzu cirewa yake ya sa sabo, ba ya tambayar abin da ya kashe na farkon.

Ana ganin wannan giɓi na sanin aiki ranar da wani ya sayo tsohuwar Honda Roadmaster ya turo ta gareji yana murna. Yawanci fenti yake fara tambaya. Sai in ce masa: “Alhaji, bari mu ji cikinta tukuna.” Da farko a duba lambar inji da ta firam, a gwada da takardu. Sannan a taka kik a hankali. In ya zarce ba tauri, ƙarfin inji ya tafi. A kwance fulogi: in bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya lau, in ya yi baƙi yana maiƙo, ringi ko bawul na barin mai ya haura. A tsiyaye baƙin mai a faranti, a murza da yatsa a rana. Ƙyallin garin ƙarfe alama ce ta cin juna a ciki. A haska tanki, domin tsatsarsa ce ke toshe kafireta komai yawan wanki. Birki da taya da sarƙa su biyo baya. Fenti shi ne na ƙarshe.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Dattawan da suka san kwantak da wayarin mai bolt 6 suna nan a garuruwanmu, amma ƙarfinsu na raguwa. Ina roƙon duk mai gareji ya ajiye tsohon inji ko da guda ne, ya gayyato dattijo ya kwance shi a gaban yara, ya kuma biya shi ladan koyarwarsa.