Gida, Mahaifa da Ƙasa: Nazarin Kalmomin Asali a Dantchiao da Harsunan Silaf

A harsunan Silaf, wato dangin Rashanci da Folanci da Cekanci, akwai tsohon tushen kalma, rod, mai nufin haihuwa da zuri'a. Daga gare shi Rashawa da Bulgariyawa suka sami rodina, ƙasar haihuwa. Amma a bakin mutanen Cek da Sulobakiya rodina iyali ce, haka ma rodzina a Folan. Wasu kuma da sunan uba suka kira ƙasa, kamar ojczyzna a Folanci, yayin da Kuroshiyawa suka ɗauko domovina daga dom, wato gida. Ke nan waɗannan al'ummu daga cikin gida suka ari sunan ƙasa.

Hausa ma ta bi wannan hanya, sai dai ta tsaya a rabi. Mahaifa na nufin inda jariri ke kwana a cikin uwa, tana kuma nufin garin da aka haifi mutum. Gida ya haɗa gini da mutanen cikinsa da garin asali, shi ya sa ɗan ci-rani a Kano ke cewa zai koma gida in damina ta kusa. Ƙasa kuwa ba ta da alaƙa da jini: turɓaya ce da ake nomawa, daga baya ta zama yankin da sarki ke mulka, kamar ƙasar Daura ko ƙasar Damagaram.

Yankin Dantchiao, tsakanin Magarya da Dungas a jihar Damagaram ta Nijar, ya nuna abin da wannan rabuwa ta haifar. A ƙarni na 19 sarautun wannan yanki, har da na Sosebaki irin su Dungas da Waca, sun shiga ƙarƙashin ikon Damagaram, amma auratayya da fatauci ba su yanke da Daura da Gumel da Kano ba. Faransa ta kama Zinder, babban birnin Damagaram, a 1899, sannan yarjejeniyoyinta da Ingila na 1904 da 1906 suka tsayar da iyaka, tawagar ƙasashen biyu ƙarƙashin Tilho da O'Shee ta kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Da aka sami 'yanci a 1960, gwamnatocin Nijar da Najeriya suka gaji kalmar ƙasa. Ɗan ƙasa ya zama mai riƙe da katin shaida, kishin ƙasa ya zama darasin makaranta.

Gida da dangi dai ba su bi taswira ba. Mace za ta tashi daga ƙauyen Magarya ta je suna a Ɓaure ko Ɓaɓura, a shingen jami'ai a tambaye ta ƙasarta ta ce Nijar, a tambaye ta ina za ta, ta ce gidanmu. Duka amsoshin gaskiya ne. Haka mai kai tumaki kasuwar Maigatari ke lissafi da naira da sefa, masaukinsa kuwa sau da yawa ɗan'uwa ne ko suruki.

Bambancin a nan yake: inda Rashanci ya bai wa hukuma kalmar da ke ɗauke da ɗumin haihuwa, Hausa ta bar wannan ɗumi a hannun dangi. Shi ya sa rufe iyakar da Najeriya ta yi a 2019, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mutanen wannan yanki suka ɗauke su a matsayin yanke zumunci kafin su ɗauke su a matsayin siyasa, tunda zumunci a ƙafa yake.