Mitar Wuta Ta Zamani: Wa Ke Da Iko Da Bayanan Da Take Tarawa?

Mitar zamani na'ura ce da ke auna wutar lantarkin da gida ko shago ya yi amfani da ita, ta adana adadin a ƙwaƙwalwarta, sannan ta aika wa kamfanin wuta ta hanyar sadarwa ba tare da ma'aikaci ya je ya karanta ba. Kamfanin ma yana iya aiko mata da umarni daga nesa, kamar na yanke wuta ko mayar da ita. Wannan ne ya bambanta ta da tsohuwar mita, da kuma yawancin mitocin da ake loda wa lambobi 20 bayan an sayi wuta, waɗanda ba sa aika rahoto ko'ina.

Amfaninta a fili yake: tana kawar da lissafin ƙiyasi, tana taimakawa wajen gano satar wuta da wurin da layi ya lalace. Sai dai ƙasashen da suka riga yin amfani da ita sun tarar cewa batun sirrin gida ya rataya ne a kan tambayoyi uku: sau nawa ake karanta mitar, wa ke ganin abin da aka karanta, kuma shin mai gidan yana da ta cewa.

Abin da bayanan ke tonawa

Tsohuwar mita da ake karantawa sau ɗaya a wata tana ba da adadi 12 a shekara. Wadda ke rubutawa duk minti 15 kuwa tana ba da 96 a rana, wato 35,040 a shekara. Daga irin wannan jeri ana iya gane lokacin da mutanen gida ke tashi, da lokacin da suke fita, da ranakun da suka yi tafiya suka bar gida babu kowa.

Kowace na'ura tana da yadda take jan wuta. Firiji yana kunnuwa yana mutuwa a kan kari, dutsen guga yana jan wuta da yawa cikin ɗan lokaci, injin jawo ruwa kuma yana da nasa salon. Tun cikin shekarun 1980 George Hart na cibiyar MIT da ke Amurka ya fito da dabarar tantance na'urorin gida daga jimillar wutar da mita ɗaya ta auna. A 2011 masu bincike a wata jami'ar fasaha da ke birnin Munsta na Jamus sun nuna cewa idan ana karanta mita duk daƙiƙa biyu, ana iya gane shirin da ake kallo a talabijin, saboda hasken allon yana sauya yawan wutar da yake ja.

Masu sha'awar irin waɗannan bayanai sun haɗa da 'yan talla, da jami'an tsaro, da masu gidajen haya, da kuma ɓarayi idan aka yi wa rumbun bayanan kutse.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Holan ce misalin da aka fi ambata. A 2008 majalisar wakilanta ta amince da ƙudurin da zai wajabta sanya mitar a kowane gida, har da tanadin tara ko ɗaurin wata shida ga wanda ya ƙi. Ƙungiyar masu sayen kaya ta ƙasar ta sa masana shari'a na Jami'ar Tilburg suka yi nazari, suka kuma gano cewa karanta mitar wuta duk minti 15 bisa dole ya saɓa wa sashe na 8 na Yarjejeniyar Turai kan 'Yancin Ɗan Adam, wanda ke kare sirrin rayuwa da na gida. A 2009 majalisar dattawa ta ƙi amincewa da tilastawar. Dokar da aka gyara aka zartar a 2011 ta ba mai gida damar ƙin karɓar mitar, ko ya karɓa amma ya sa a rufe hanyar karanta ta daga nesa, kuma ba a ɗaukar bayanan daki-daki sai da yardarsa.

Birtaniya ta bi tsarin matakai. Ƙa'idar da ta kafa a 2013 ta ba kamfani damar ɗaukar adadin wata-wata domin lissafin kuɗi. A wancan lokacin, adadin kullum yana iya ɗauka matuƙar mai gida bai hana ba, na duk rabin sa'a kuwa sai mai gida ya ba da izini ƙarara. Amfani da bayanan wajen talla shi ma sai da izini.

A Faransa, hukumar kare bayanai ta CNIL ta gargaɗi kamfanonin EDF da Engie a watan Fabrairun 2020 kan yadda suke neman izinin ɗaukar bayanai daga mitar Linky. Ta ce ba daidai ba ne a haɗa buƙatu daban-daban a nemi amincewa da su duka a lokaci guda, ta kuma ce suna ajiye bayanan fiye da lokacin da ya dace.

A Amurka maganar ta kai kotu. Mazauna garin Naperville na jihar Illinois sun ƙalubalanci hukumar garin kan mitocin da ke karatu duk minti 15, ana kuma ajiye bayanan har shekara uku. A watan Agustan 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa tara bayanan daidai yake da binciken gida a ma'anar kundin tsarin mulki, amma ta halatta shi saboda manufarsa gyaran harkar wuta ce. Ta yi kashedin cewa hukuncin zai iya sauyawa idan aka gajarta tazarar karatun, ko aka sauƙaƙa wa jami'an tsaro samun bayanan.

Ɗaya ɓangaren shi ne ikon mai gida na ganin bayanansa. A 2012 aka ƙaddamar da shirin Green Button a Amurka, wanda ke ba mutum damar sauke tarihin amfaninsa da wuta daga shafin kamfani, ko ya ba wani kamfani na daban izinin dubawa domin ba shi shawarar rage kashe kuɗi, ya kuma janye izinin idan ya ga dama.

Matsayin doka a Najeriya

A Najeriya abin da ya fi damun jama'a har yanzu shi ne samun mitar kanta. Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta fito da tsarin masu samar da mita a 2018, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da shirin raba mitoci ga jama'a a 2020. Yayin da ake ƙara shigo da mitoci masu aika rahoto daga nesa, tambayoyin da aka yi a Turai da Amurka za su taso a nan ma.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba da tabbacin kare sirrin 'yan ƙasa da na gidajensu da wasiƙunsu da hirarsu ta waya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC. Dokar ta shafi duk bayanin da za a iya danganta shi da wani mutum, kuma bayanan mita suna haɗe da suna da adireshi da lambar asusu.

A ƙarƙashin dokar, ana tara bayani ne don manufar da aka bayyana, gwargwadon abin da manufar ke buƙata, kuma ba a ajiye shi fiye da kima. Mutum yana da haƙƙin neman kwafin bayanansa, da neman a gyara kuskure, da janye izinin da ya bayar, da hana amfani da bayanansa wajen talla. Idan aka yi kutsen da ka iya cutar da mutane, wajibi ne kamfani ya sanar da hukumar cikin sa'a 72. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Haƙƙin ganin bayanai yana da amfani na musamman a nan. Tun daga watan Afrilun 2024 masu amfani da wuta na rukunin A suke biyan farashi mai tsada bisa alkawarin samun wutar aƙalla sa'a 20 a rana. Mitar da ke rubuta lokacin zuwan wuta da ɗaukewarta shaida ce a hannun wanda ke ƙorafin ba a cika masa alkawari ba, muddin an ba shi damar ganin abin da ta rubuta.

Akwai kuma batun gidajen haya, inda sau da yawa mita take da sunan mai gida alhali ɗan haya ne ke amfani da wutar. A irin wannan hali, wanda kamfani ya sani daban, wanda bayanan ke nuna shige da ficensa kuma daban.

Tambayoyin da suka dace kafin a sanya mita

Mai karɓar sabuwar mita yana iya tambayar kamfanin rarraba wuta ko mitar tana aika bayanai daga nesa, da tazarar da ke tsakanin karatu da karatu, da tsawon lokacin da ake ajiye bayanan, da waɗanda ake ba su, da kuma hanyar da zai bi ya samu kwafin nasa.

Ƙorafin lissafin kuɗi ko na mita yana farawa ne daga sashen sauraron koke na kamfanin, daga nan ya tafi ofishin sasanta koke na NERC, ko hukumar wutar jiha a jihohin da suka karɓi ragamar kula da harkar bisa Dokar Wutar Lantarki ta 2023. Ƙorafin da ya shafi fallasa bayanai ko amfani da su ba bisa ƙa'ida ba kuwa, NDPC ake kai wa.