Daga Karaban zuwa Dakwaro: Makarantar da Ake Kaiwa Nesa

Ƴan uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a Madawa, Buza ko Keita ya san inda gidan kason garinsu yake. Amma mu nawa munka taɓa tambaya, in yaro ɗan shekara 15 ya shiga can, wa ke koya mishi karatu? Tambayar nan ta girmi ƙasarmu, shi ya sa na bi sawunta baya.

Dokar laifuka ta Faransa ta 1810 tana da wata aya, ta 66, mai ban mamaki. Yaron da bai kai 16 ba, in alƙali ya ga bai da wayon gane abin da ya aikata, sai a wanke shi daga laifi. To amma wankewar ba ta nufin komawa gida: ana iya kai shi gidan gyaran hali har ya cika 20. Ku duba hwa! Babba ya saci akuya ya yi ƴan watanni ya hita, yaro kuwa an ce bai da laifi, an kuma rufe shi shekaru, wai don tarbiyya.

Da wannan tunani nasara sunka shigo yammacin Afirka. A Senegal sunka fara: a 1888 anka buɗe makarantar horo a Thiès, a hannun fada-fada na Katolika, inda noma ya fi karatu yawa. Daga baya anka koma Bambey a 1916, sannan a 1927 anka kai ta Karaban, wani tsibiri a bakin kogin Kazamans. Ruwa ne katangar wurin. Uwa ba ta iya kai wa ɗanta ko hura.

Tamu ta zo a makare. Sai a 1946 anka soke aikin dole da dokar da ta ba kwamandan ikon ɗaure mutum ba shari'a, a 1952 kuma anka kafa cibiyar gyaran halin yara a Dakwaro, nan maƙwabtanmu ta gabas. Lokacin Dakwaro sabuwar bariki ce a bakin daji, inda gona ke ƙarewa kiwo ya fara. Manufar ita ce yaro ya samu karatun lakwal da sana'ar hannu. Ban raina wannan ba, don ya fi zaman kaso cikin manyan ɓarayi nesa ba kusa ba. Sai dai gida ɗaya ne ga ƙasa mai faɗin Nijar, kuma bayan ƴancin kai na 1960 haka anka gaje shi. Wata mai bincike, Danièle Poitou, ta wallafa littafi kan yara masu laifi a Nijar a 1978. Mai hanya a Yamai ya nemo muna shi mu hoto.

Iyayenmu kuwa, da ba su amince da gidan nasara ba, suna da tasu hanya: kangararren yaro a kai shi wurin malam, ko a tura shi ci-rani ya sha wuya ya yi hankali. Malamai da yawa sun gyara yara da allo da haƙuri. Wasu kuma mari sunka sa musu a ƙafa. Mun ji abin da ya faru a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, da ƴan sanda sunka fito da mutum ɗaruruwa daga wani gida, wasu cikin sarƙa, sannan a Daura ƴan makonni bayan haka. Nan ma nesa da ido ne ya ba ɓarna wuri.

A takarda an ci gaba. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara a 1990. A ranar 14 ga Mayun 1999, zamanin Wanke, anka yi dokar da ta kafa kotunan yara, a 2014 anka sabunta ta. Wanda bai kai 13 ba ba a hukunta shi, kariya ake ba shi. Daga 13 zuwa 18 hukuncinshi bai kai na babba ba, kuma alƙalin yara na iya danƙa shi ga iyaye ko ga mai koya mishi aiki maimakon kaso.

Abin da ke damuna shi ne, dokar ta matso kusa da mu, makarantar ba ta biyo ta ba. Yaran da ake tsarewa yau, kan satar waya ko faɗa ko tramol, da yawansu jiran shari'a suke, ba wanda ya yanke musu komai. Mai jira kuwa ba a tsara mishi karatu, tunda ba a san ranar fitarshi ba. Ɗan kwaleji da anka kama a Janairu, ko an sallame shi a Mayu ba laifi, BEPC ɗin shekarar ta wuce shi, kuma wanda ya kwana kaso da wuya ya sake zama aji ɗaya da waɗanda sunka ga an tahi da shi.