Tsohon Babur Mai Shan Iska: Daga Duwatsun Turai Zuwa Rairayin Mayahi

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye arewa da Mayahi, abin da ya fara cin albashina shi ne tsohon babur Yamaha DT 125, irin waɗanda malaman gona suke hawa. Abokaina sun yi mani dariya, domin a lokacin sababbin baburan Sin sun fara cika kasuwar Maradi, ga araha ga ƙyalli. Amma duk wanda ya taɓa ratsa Gulbin Kaba da rani ya san rairayi ba ya jin kunyar fenti. Daga baya na gane cewa gardamar da muke yi a gindin bishiya, Turawa sun riga mu yin ta da shekaru masu yawa.

A ƙasar Sikotilan akwai wata gasar babura ta kwana shida wadda asalinta ya faro a 1909. Ba gasar gudu ba ce. Ana ware wurare masu duwatsu, da rafuka, da hawa, a ce mutum ya ratsa. In ya sa ƙafa ƙasa a ci shi tara, in ya tsaya cik tarar ta fi yawa, wanda ya fi ƙarancin tara shi ne gwani. Shekaru da dama manyan baburan Ingila masu nauyi ne suke lashe ta. A 1965 wani mahayi, Sammy Miller, ya ajiye Ariel ɗinsa mai girman inji 500, ya hau Bultaco ɗan ƙasar Sifen mai kusan rabin wannan girma, ya kuma ci gasar. Tun daga nan aka yarda cewa a mugun wuri rashin nauyi ya fi ƙarfin inji amfani. Har yau a garin Kinlochleven ana shirya gasa ta musamman domin baburan da aka ƙera kafin 1965, kuma masu zaɓen irinsu abu uku suke dubawa: nauyi, da yadda inji yake ja a hankali ba tare da ya mutu ba, da samun kayan gyara.

Mu ma tarihin nan ya biyo ta ƙasarmu. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko ta tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500, inji mai silinda guda wanda iska take sanyaya shi. A 1981 da 1983 Hubert Auriol ya ci da BMW, shi ma mai shan iska. Kamfanin Yamaha har ya raɗa wa wani babur nasa sunan hamadarmu, Tenere.

Mece ce hikimar irin wannan inji? Faifan ƙarfen nan da suke jere a jikin silinda kamar haƙarƙari, aikinsu su kwashe zafi su miƙa wa iska. Ba lagireto, ba ruwa, ba tiyon da zai fashe a daji. Abin da babu shi kuwa ba ya lalacewa. Shi ya sa Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1958, ya kai miliyan 100 a 2017. Shi ya sa kuma bakanike a Tasawa yake iya kwance injin nan da safe, ya ɗaure shi kafin la'asar.

Kafin 1994 babur abin ma'aikaci ne da ɗan kasuwa. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun wannan shekara, kayan waje suka yi tsada, baburan Japan suka ƙara nisa da talaka. Bayan shekara ta 2000 na Sin da na Indiya, irin su Kasea da Boxer, suka shigo, kabu-kabu ya zama sana'ar samari daga Urafan har Kanan Bakashe. Su ma masu shan iska ne. Wato fasahar da Turawa suke ajiyewa don wasan tunawa da da, ita ce take kai mai naƙuda asibiti a wurinmu.

Sai dai injin yana da sharaɗi: sai ana tafiya yake shan iska. Na koyi wannan da tsada. Wata rana cikin watan Afrilu na goya buhun gero, na afka yashi, na riƙa murɗa totur a giya ta ɗaya, babur yana kuka ba ya ci gaba. Fistin ya kama. Na tura shi har faɗuwar rana, washegari ƴan ajina suka wuni babu malami. Laifina ne, ba na ƙarfe ba. Da na sauke kaya, na rage iskar taya, na bari ya huce, da ban kwana a hanya ba.

To, malamin da aka tura daji da uban da zai saya wa ɗansa abin neman abinci, ku yi tambayar da masu gasar can suke yi. In ya faɗi cikin yashi, mutum ɗaya zai iya tada shi? Akwai kacarsa da fistinsa a kasuwar da ke kusa? Bakaniken garinku ya san shi? Ku taɓa injin kafin a tada shi, domin mai sayarwa yakan ɗumama shi ya ɓoye aibu. Ku duba ko faifan silinda sun karye ko laka ta toshe su, ku buɗe matatar iska ku ga ko ƙura ta wuce ta.

Abu na ƙarshe na yaranmu ne. A nan gwani shi ne wanda ya ɗaga tayar gaba ranar biki, ba hular kwano, mutane suna tafi. Ni na san kujeru biyu a ajina da wannan wasa ya bari babu kowa. Ya kamata mu riƙa ba su labarin gasar da ta haura shekara ɗari, wadda a cikinta gwani shi ne mai natsuwa, wanda ya ratsa mugun wuri a hankali bai sa ƙafa ƙasa ba. Allah Ya tsare mana su.