Jim Da Huck A Bisa Kogin Misisipi

Ku 'yan makaranta da kuka soma karatun littattafan Turanci, ga wani littafi da nake so ku sa wa ido da kyau, watau Huckleberry Finn, na wani Ba'amurke da ake kira Mark Twain. An fara buga shi a Ingila cikin 1884, a Amurka kuwa cikin 1885. Yara da yawa sukan ɗauka labarin yawo ne da ban dariya kurum, alhali kuwa tarihi ne a lulluɓe.

Shi mawallafin ya tashi a garin Hanibal, bakin kogin Misisipi, cikin jihar Misuri, zamanin da bauta ke da ƙarfi. Bauta dai ba baƙuwar ƙasarmu ba ce, gama sai 1936 aka soke ta ɗungum a Nijeriya ta Arewa. Amma ta Amurka an ɗaure ta da launin fata, har ya zama duk baƙin mutum bawa ake ɗaukarsa sai ya nuna takardar 'yanci.

Jim bawan wata tsohuwa ne, Miss Watson. Ya ji ana shirin sayar da shi zuwa New Orleans a kan dala 800, sai ya gudu. Ya gamu da Huck, ɗan Bature matalauci wanda shi ma ya tsere wa ubansa mashayi, suka hau gungumen itace da aka ɗaɗɗaure suka bi ruwa. Nufinsu su kai garin Kairo, inda kogin Ohayo ya shiga Misisipi, daga nan su haura zuwa jihohin da babu bauta. Hazo ya rufe su, suka wuce ba su sani ba.

Wahalar Jim a fili take, ba sai an daɗe a kanta ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne irin ɓarnar da aka yi wa zuciyar yaron. Sa'ad da Jim ya ce in ya sami 'yanci zai tara kuɗi ya fanshi matarsa da 'ya'yansa biyu, in an hana shi kuwa a sato masa su, sai hankalin Huck ya tashi, yana ganin mutum na shirin cin dukiyar wani. Dubi fa, uba yana neman 'ya'yan cikinsa, yaro na kiran abin sata! Da ya ga Jim na kuka don kewar iyalinsa, ya yi ta al'ajabi, ashe baƙin mutum ma yana son nasa. Ba mugunta ce ta sa ba, abin da aka shayar da shi ke nan tun yana goye.

Daga baya wani mazambaci ya sayar da Jim a kan dala 40. Huck ya rubuta wa Miss Watson takarda don ya tona inda bawanta yake, ya ji kamar an wanke masa zunubi. Sa'an nan ya tuna yadda Jim kan tsaya masa gadi da dare don ya yi barci, sai ya yayyage takardar, ya yanke shawarar ceton abokinsa, ya kuwa tabbata wuta zai shiga saboda haka. Har ƙarshen littafin bai taɓa cewa bauta laifi ce ba. Kansa ya ɗora wa laifin.

Ƙarshen labarin yakan ɓata wa masu karatu rai, ni ma haka. Tom Sawyer ya iso, ya san sarai Miss Watson ta rasu ta kuma 'yanta Jim cikin wasiyyarta, amma ya ɓoye, ya bar shi a kulle cikin ɗaki da macizai da ɓeraye don su yi wasan kuɓutar da fursuna. Masana da dama sun ce da gangan mawallafin ya yi, yana nuni da zamaninsa. An soke bauta a Amurka cikin 1865, amma bayan da aka janye soja daga jihohin Kudu cikin 1877, aka shiga ƙulla dokokin da suka mai da 'yantattu baya, har babban kotun ƙasar ya halatta raba farare da baƙaƙe cikin 1896. Shi kuwa Jim, bayan ya sadaukar da gudunsa ya zauna jinyar Tom da aka harba a ƙafa, ladan da Tom ya miƙa masa dala 40 ne, daidai kuɗin da aka sayar da shi.