'Yan Taru: Makarantar da Nana Asma'u Ta Gina a Bakin Uwa

Fiye da shekara 160 ke nan da rasuwar Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a Ɗagel a 1793, Allah Ya karɓi rayuwarta a 1864. An fi tuna ta da waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa, amma babban gadon da ta bari shi ne 'Yan Taru, tsarin karantar da matan karkara da ta kafa wajen 1840, bayan rasuwar yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A ganina ta cancanci a sa ta a sahun gaba na masu tarbiyyar ƙananan yara, ko da yake ba yara ta tara a gabanta ba.

Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar ƙauyuka cike da zawarawa da marayu, da matan da aka kawo daga Gobir waɗanda suka tashi cikin bori. Asma'u ba ta bi su da tsangwama ba. Sai ta ɗauki malfa, wadda aka san Innar Gobir, shugabar masu bori, da ita, ta mai da ta alamar malanta. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfar, ta zagaye ta da jan rawani. Jaji ce ke jan ayarin tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, su tako a ƙasa har Sakkwato, ɗauke da zuma da man shanu da hatsi, waɗanda akan raba wa mabukata. A can su haddace waƙoƙin tauhidi da tsarki da salla da tarihin Manzon Allah, su komo gida su biya wa matan aure da goyo ya hana su tafiya.

Wani zai ce ai wannan karatun manya ne, ina ruwan yaro da shi? Sai a duba inda waƙar take sauka. Mace tana daka ko tana kaɗi tana rerawa, jariri na bayanta, na yaye yana riƙe da zanenta. Kafin yaro ya ɗauki allo, kunnensa ya riga ya saba da sunayen Allah da ladubban gaisuwa. A daidai wannan zamani, a Jamus, Friedrich Froebel ya buɗe lambun yara na farko a 1840, kuma bayan 'yan shekaru ya wallafa littafin waƙoƙi domin iyaye mata. Shi da Asma'u ba su san juna ba, amma dukansu sun gane cewa ta bakin uwa ake isa ga yaro.

Bayan rasuwar Asma'u, ƙanwarta Maryam ta riƙe ragamar aikin. Zuwan Turawa a 1903 ya sa an daina jin ɗuriyarsa a fili, sai dai jajoji ba su ajiye malfa ba, har marubuciya Jean Boyd ta iske magadansu ta rubuta tarihinsu. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, tana tafiyar da makarantun renon yara bisa wannan sawu.

A yau kuwa, Birnin Gwari ta fi ko'ina bukatar wannan darasi. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga firamaren Rama suka tafi da malamai uku, kuma ƙauyukan gefen dajin Kamuku sun yi shekara da shekaru suna kallon azuzuwansu a rufe. Gaskiya ne jaji ba za ta maye gurbin firamare ba, ba kuwa wanda ya ce a fasa gyara gine-gine tun da aka yi sulhu da 'yan bindigar a ƙarshen 2024. Amma yaron da aka haifa a gudun hijira ba zai jira ɗan kwangila ba, shekarunsa biyar na farko wucewa suke yi. Kowane ƙauye yana da dattijuwar da mata ke jin maganarta. A horar da ita a cikin gari, a ba ta waƙoƙi da baƙaƙe da ƙirga, ta koma tsakar gida inda yaran suke.