Haruffa Masu Ƙugiya da Na'urorin Rubutu: Waiwaye a Kan Koyar da Rubutun Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda na'urorin rubutu suka yi tasiri a kan koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa, musamman haruffan nan uku masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Abin da za a nuna shi ne, yawancin kurakuran da ake ɗora wa ɗalibi a wannan fanni, na'ura ce ta fara koya masa su.

2.0 Daga Maɗaba'a Zuwa Tafireta

Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A wancan zamani ana bambanta waɗannan sautuka ne da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko wata alama a gefensa. Sai a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da Dokta R. M. East yake shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka rungumi ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta yaɗa ta.

To amma tafiretar da ta cika ofisoshi da makarantu an ƙera ta ne domin Ingilishi. Mai buga takarda sai ya gama, sannan ya bi layi-layi da biro yana lanƙwasa haruffa, in ya tuna ke nan.

3.0 Zamanin Kwamfuta da Wayar Hannu

Wani abin lura shi ne, tsarin Unicode ya tanadi waɗannan haruffa tun fitowarsa ta farko a 1991, sai dai an daɗe kafin manhajojin da ke hannun jama'a su amfana da shi. A shekarun 1990 masana suka nemi mafita ta cikin gida, kamar samfurin haruffa na Rabi'at da Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce aron madannan da Hausa ba ta bukata. Sun yi amfani ƙwarai, amma da zarar an buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da samfurin, sai asiri ya tonu. Daga nan ne aka gaji qasa da xaya da vata, waɗanda har yanzu suke ɓullowa a kundayen digiri.

Shigowar wayar GSM a 2001 ta ƙara dagula al'amarin. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma in aka saka harafi ɗaya tak wanda ba ya cikin jerin da aka ƙayyade, sai ya koma 70. Ashe ko da wayar tana da ƙugiya, mai kiyaye ƙa'ida shi zai fi biyan kuɗi. Matasan da suka saba da rubutu a kan waya sun tashi suna ganin kasa da ƙasa, ko baki da baƙi, ko fada da faɗa, duk abu ɗaya ne a rubuce.

Bahaushe yakan gane abin da ake nufi daga jimla, shi ya sa bai cika damuwa ba. Wanda abin yake cuta shi ne mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, irin ɗaliban da muke koyarwa a nan nesa da ƙasar Hausa, domin abin da ya gani a rubuce shi yake furtawa. Malaman Yarbanci da Ibo sun san irin wannan ciwo game da ɗigon ƙarƙashin wasula.

A yau uzurin na'ura ya ƙare. Windows tana da tsarin madannai na Hausa, haka ma Gboard a wayoyin Android. A ganina, abin da ya rage shi ne darasin farko na ƙa'idojin rubutu ya haɗa da saita wayar ɗalibi, malami kuma ya riƙa karɓar wani sashe na aikin gida ta wayar, yana rage maki a kan kowace ƙugiya da aka bari.